TARIHIN ROBAR MUƘAMUƘI: Maganin minsharin da ba ya jiran a kawo wuta



Fasahar da za mu duba yau ba ta da batir, ba a yi mata caji, ba ta cin data. Wata 'yar roba ce da ake sawa a baki lokacin kwanciya, ta kama haƙoran sama da na ƙasa, ta tura muƙamuƙin ƙasa gaba da 'yan milimitoci. Likitoci na taƙaita sunanta da MAD, mu kuma a nan za mu riƙa ce mata robar muƙamuƙi. Mai yiwuwa ka taɓa cin karo da tallan irinta a Facebook ko a shagunan intanet, ana cewa wai tana kashe minshari a dare ɗaya. Akwai gaskiya a maganar, akwai kuma zuƙi-ta-malle. Kafin ka tura kuɗinka, gara ka san daga inda abin ya fito da cutar da aka yi shi dominta, don tarihinsa ya haura shekara 120.

MINSHARI KALA BIYU NE

Akwai minsharin da iyakarsa ya hana na kusa da kai barci. Akwai kuma wanda in ka kasa kunne za ka ji mutum yana ja, yana ja, sai ɗif, shiru kamar an ɗauke wuta. Ƙirjinsa na motsi amma iska ba ta shiga. Bayan daƙiƙa 10, ko 20, wani lokaci fiye da 30, sai ya yi wani irin gurnani, ya zuƙi iska da ƙarfi, ya juya, ya ci gaba da barcinsa. Da safe bai san an yi ba. Matarsa ce ta sani, ko abokan ɗakinsa.

Ga abin da ke faruwa. Idan mutum ya yi barci tsokokin jikinsa na saki, har da na harshe da na maƙogwaro. Hanyar iskar da ke bayan harshe ba ta da ƙashin da zai riƙe ta a buɗe, kamar tiyo mai laushi take. A wajen mai ƙiba, ko mai kaurin wuya, ko mai ƙaramar haɓa da ta koma ciki, harshe na faɗawa baya ya toshe hanyar. Oksijin ya ragu a jini, ƙwaƙwalwa ta firgita ta tashi mutumin na 'yan daƙiƙu, hanya ta buɗe, ya koma barci, abin ya sake dawowa. Likitoci na ƙirga sau nawa numfashi ke tsayawa ko ya ragu sosai a awa ɗaya: 5 zuwa 15 mai sauƙi ne, 15 zuwa 30 matsakaici, sama da 30 kuma mai tsanani. Ka lissafa da kanka, mai 30 a awa in ya kwanta awa 7, an shaƙe shi fiye da sau 200 kafin gari ya waye.

Wannan ita ce cutar ɗaukewar numfashi cikin barci. Tana tafiya da hawan jinin da ba ya jin magani, da ciwon zuciya, da shanyewar ɓarin jiki. Ƙananan alamunta su ne ciwon kai da safe, bushewar baki, yawan tashi fitsari da dare, da gyangyaɗi da rana ko'ina aka zauna. A gidajenmu kuwa abin dariya ne. A ce barcin mai ƙoshi, ko a ce gajiya ce, in kuma mutum ya farka a firgice yana neman iska a ce dannau ne.

TO ME YA KAWO SHARADA CIKIN MAGANAR?

Duk wanda ya taɓa bi ta Sharada, Challawa ko Bompai da sassafe ko da yamma ya ga lokacin canjin aiki, wasu na fitowa wasu na shiga. Kamfanonin roba, na jima, na buhu, na tatsar mai, da yawansu dare da rana suke aiki, don injin da ke narka roba ba a son ya huce. Ga direbobin tirela da ke kwana a bakin ƙofa suna jiran lodi, su kama hanyar Legas ko Maiduguri. Mai aikin ofis in ya yi gyangyaɗi sai dai a yi masa tsiya. Wanda hannunsa ke kusa da bakin inji, ko yake riƙe da sitiyarin mota mai ɗauke da tan 30, gyangyaɗin daƙiƙa 5 ya isa.

An ga misalin haka a Amurka. Ranar 1 ga Disamba 2013 wani jirgin ƙasa ya kauce daga layi a unguwar Bronx ta birnin New York. Ya shiga kwanar da aka ƙayyade wa gudun kusan kilomita 48 a awa da gudun kilomita 132. Mutum 4 suka mutu. Hukumar binciken haɗurra ta ƙasar ta gano cewa direban na da wannan cuta mai tsanani ba a taɓa gano ta ba, kuma bai daɗe da aka canza masa lokacin aiki daga na yamma zuwa na asuba ba. Ka lura da haɗin nan: cutar da ba a sani ba, da canjin lokacin aiki. Irin rayuwar da mai aikin karɓa-karɓa yake yi kenan kowane mako.

DABARAR TA GIRMI SANIN CUTAR

Abin mamaki, an san maganin kafin a san ciwon. A ƙarni na 19, da likitocin tiyata suka fara sa wa mutane maganin sumarwa, sun lura cewa mutum na suma harshensa ke faɗawa baya ya shaƙe shi. Sai suka gano in aka sa yatsu a bayan kusurwar muƙamuƙi aka tura shi gaba, hanya na buɗewa. Dalili shi ne babbar tsokar harshe a jikin ƙashin haɓa take manne ta ciki, in haɓa ta yi gaba dole harshe ya bi ta. Har yau ana kiran dabarar da sunan likitan Jamus Friedrich von Esmarch, kuma har yau ana koya wa masu ba da agajin gaggawa.

Za ka iya gwadawa yanzu haka. Yi ƙarar minshari da gangan. Sannan ka tura haƙoranka na ƙasa su wuce na sama, ka sake gwadawa. Yawancin mutane za su ji ƙarar ta ƙi fita yadda ta fita da farko. To duk sirrin robar kenan, ta riƙe maka haɓa a wannan wuri har gari ya waye.

Wanda ya fara mayar da dabarar abin sawa a baki shi ne Pierre Robin, likitan baki a birnin Paris. A 1902 ya ƙera wani abu guda ɗaya da ke haɗe haƙoran sama da na ƙasa, yana jan muƙamuƙi gaba. Yara yake yi wa, masu ƙaramar haɓa. A 1923 ya yi bayani a rubuce kan yadda harshen irin waɗannan yara ke toshe musu numfashi, kuma har yau akwai lalurar jarirai da ke ɗauke da sunansa. Wani likitan haƙori a Jamus, Emil Herbst, shi ma ya nuna tasa a taron Berlin na 1909, mai ƙananan sandunan ƙarfe a gefe biyu. Amma duk a lokacin gyaran haƙora da haɓar yara ake nufi. Babu wanda ya kawo manya masu minshari a ransa, sai aka bar abin a hannun masu gyaran haƙori har kusan shekara 80.

Ita cutar kuwa, marubuci ne ya riga likitoci ganinta. A littafin The Pickwick Papers na Charles Dickens, wanda ya fito a Ingila tsakanin 1836 da 1837, akwai wani yaro mai ƙiba da ke barci ko a tsaye yake. A 1956, lokacin Bompai na tasowa a matsayin unguwar masana'antu ta farko a Kano, wasu likitocin Amurka ƙarƙashin Sidney Burwell suka ba da labarin wani ɗan kasuwa mai ƙiba da barci ya kwashe ana tsakiyar karta, alhali katin cin wasan na hannunsa. Suka ba lalurar sunan littafin. Sai dai sun ɗauka ƙiba ce kawai ke danne huhu. Da rana suke duba majiyyacin, ita kuwa ɓarnar da dare ake yin ta.

Sai a 1965 aka zauna aka kwana ana kallon masu barcin da na'urori. Henri Gastaut da abokan aikinsa a Marseille ta Faransa, da Jung da Kuhlo a Freiburg ta Jamus, kowa da nasa binciken, suka ga numfashi na tsayawa sau da yawa a dare. A shekarun 1970, zamanin kuɗin man fetur da Kano ta fara faɗaɗa masana'antu zuwa Sharada, daga baya Challawa, jami'ar Stanford a Amurka ta buɗe asibitin barci ƙarƙashin William Dement, inda Christian Guilleminault ya fayyace cutar ya ba ta sunan da ake kiranta da shi yau.

Maganin wancan lokacin fa? A huda wuya. A yi rami a maƙogwaro ƙasa da inda ke toshewa, da rana a rufe, da dare a buɗe. Yana aiki sosai, amma wa zai yarda a huda masa wuya saboda minshari?

1981: INJI DA WUƘA

Wani majiyyaci a birnin Sidni na Ostireliya ya ƙi yarda. Likitansa Colin Sullivan, a 1980, ya ɗauko motar injin shara mai zuƙar ƙura, ya juya ta ta riƙa hura iska, ya haɗa da tiyo zuwa hancin mutumin. Iskar ta riƙe maƙogwaro a buɗe kamar yadda iska ke riƙe tayar mota. Mutumin ya yi barcin da ya daɗe bai yi ba. A 1981 Sullivan ya wallafa sakamakon mutum 5 a mujallar Lancet. Wannan shi ne asalin injin CPAP, kuma har gobe shi ne kan gaba wajen maganin cutar, musamman mai tsanani. A nan ba na jayayya da kowa.

A wannan shekarar dai Shiro Fujita a Detroit ya fito da tiyatar yanke beli da wani ɓangare na naman bayan ganɗa. An yi ta yayinta, daga baya aka gano waɗanda take warkarwa ba su kai rabi ba, don sau da yawa toshewar a bayan harshe take. Mu ai mun isa shaida. Wanzamai sun daɗe suna cire wa jarirai beli a ƙasar Hausa, ga gari cike da mutanen da aka cire wa tun suna 'yan kwanaki, kuma minshari bai ƙaura daga Kano ba.

Matsalar CPAP biyu ce. Ta farko ta duniya ce gaba ɗaya: mutane da yawa ba sa jure kwana da takunkumi a fuska da tiyo a gefen gado, sai su cire cikin dare ko su ajiye shi a saman sif. Ta biyu tamu ce. Injin ba ya cin wuta da yawa, bai fi fanka ba, amma yana son wutar da ba za ta yanke ba daga kwanciya har asuba, kowane dare.

Ka ga nan tarihin injin ya ci karo da tarihin Kano. A shekarun da CPAP ke shiga kasuwannin Turai da Amurka, a nan aka shigo da shirin SAP a 1986, darajar naira ta faɗi, kayan gyaran inji suka yi tsada. Rashin tsayayyar wuta da shigo da kaya ta ɓarauniyar hanya suka ƙarasa masaƙu da yawa, har atamfar waje ta mamaye Kantin Kwari. NEPA ta koma PHCN a 2005, aka sayar da ɓangaren rarrabawa a 2013 KEDCO ta karɓi Kano, Katsina da Jigawa. A Afrilun 2024 aka ɗaga kuɗin wutar 'yan rukunin A zuwa naira 225 kowane yunit. A Oktoban shekarar kuma yawancin Arewa ta yi fiye da mako guda cikin duhu bayan lalacewar manyan layukan da ke kawo wuta. Kamfani na iya tayar da janaretan dizal. Lebura mai haya a Ja'en ko Panshekara fa? In an ɗauke wuta ƙarfe 2 na dare, takunkumin ya zama kaya, cutar ta dawo a daren. Mai hali na iya haɗa shi da sola da inbata, kuma yana yi, amma kuɗin ya ninka.

Wani abu kuma ga masu neman na hannu: a Yunin 2021 kamfanin Philips ya janye miliyoyin injinansa saboda soson rage ƙara da ke ciki na iya ruɓewa mutum ya shaƙa, zafi da laima kuma na ƙara saurin lalacewarsa. Duk wanda aka kawo wa tsohon inji daga waje, ya duba samfurinsa a intanet ko yana cikin waɗanda aka janye.

DAWOWAR ROBAR

Shekara ɗaya bayan rahoton Sullivan, wato 1982, Rosalind Cartwright da Charles Samelson a Shikago suka wallafa gwajin wata roba mai kumburi a gaba, wadda ke tsotse harshe ta riƙe shi a waje. Ta yi aiki a wasu, amma kwana da harshe a waje ba daɗi. A 1984 Meier-Ewert da abokan aikinsa a Jamus suka koma kan tsohuwar dabara ta tura muƙamuƙi, suka ma sa wa robarsu sunan Esmarch. A 1985 Soll da George a Amurka suka ba da rahoton irin wannan. Daga nan likitocin haƙori suka farka. Aka ɗauko tsohon ƙirar Herbst aka gyara shi don manya. Alan Lowe a Vancouver ta Kanada da Keith Thornton a Dallas suka ƙera masu ɗan noti da ake juyawa.

Wannan notin shi ne babban ci gaba a duk tarihin, a ganina. Na farkon guda ɗaya ne, inda aka kafe haɓa nan za ta tsaya, in ya yi yawa ka sha ciwo, in ya yi kaɗan bai yi aiki ba. Na yanzu biyu ne, na sama da na ƙasa, ana farawa da wajen rabi ko kashi biyu cikin uku na iyakar inda mutum ke iya tura haɓarsa, sannan a riƙa ƙarawa kaɗan-kaɗan, ƙasa da milimita ɗaya a lokaci guda, cikin makonni, har a kai inda numfashi ya daidaita ba tare da gaɓar muƙamuƙi ta yi tsami ba.

Hukumomi sun ɗan ja ƙafa kafin su karɓa. Likitocin haƙori masu wannan aiki sun kafa ƙungiyarsu a Amurka a 1991. Ƙungiyar likitocin barci ta fitar da ƙa'idar farko a 1995, ta sabunta a 2006. A 2015 ƙungiyoyin biyu suka fitar da matsaya ɗaya: a ba da robar ga mai minshari, da mai cutar da ya kasa jure CPAP ko ya fi son wata hanya, kuma ta kasance wadda likitan haƙori ya auna bakinka ya yi maka, mai notin ƙarawa.

Yawan masu buƙata kuwa ba kaɗan ba ne. Binciken Terry Young na 1993 a kan ma'aikatan gwamnatin jihar Wisconsin ya nuna maza 24 cikin 100 da mata 9 cikin 100, 'yan shekara 30 zuwa 60, numfashinsu na tsayawa ko raguwa aƙalla sau 5 a awa. Wani ƙiyasi na 2019 ya ce kusan mutum miliyan 936 ne a duniya, ya kuma sa Najeriya cikin ƙasashe 10 da suka fi yawan masu ita.

TANA AIKI KUWA?

Tana yi, amma ba ga kowa ba. Abin da bincike ke yawan nunawa shi ne wajen kashi ɗaya cikin uku numfashinsu na daidaita gaba ɗaya, wani kashi ɗayan abin ya ragu da rabi ko fiye, sauran kuma ba ta yi musu abin kirki ba. CPAP ya fi ta share cutar, in dai yana fuska.

Wannan “in dai” ɗin ne ya ba robar daraja. A wani gwaji da aka wallafa a 2013 daga Sidni, mutane ɗaya suka yi wata guda da CPAP, wata guda da roba. Injin ya fi rage tsayawar numfashi, amma sun ce suna sa shi awa 5 da 'yan mintoci a dare, robar kuma awa 6 da rabi. Da aka auna gyangyaɗin rana da iya tuƙi a na'urar gwaji, sai aka tashi kusan kunnen doki. A 2024 wani gwaji a Singafo kan masu hawan jini ya nuna robar ba ta gaza CPAP ba wajen saukar da jini. Kuma ka tuna a waɗancan garuruwan ba a ɗauke wuta. Ka sa lissafin daren Kano a kai, ka sa direban da ke kwana a Mararraban Jos ko Tafa, wanda zai iya jefa maganinsa a aljihu.

ARAHA BA TA ADO

Yanzu mu zo kan wadda ake talla. Ita ana tsoma ta a ruwan zafi ta yi laushi, ka cije, ta ɗauki shatin haƙoranka. An gwada ta. A 2008 Vanderveken da abokan aikinsa a Antwerp ta Beljiyam suka ba mutane ɗaya irin wannan da kuma ta likita, ɗaya bayan ɗaya. Ta ruwan zafin ba ta rage tsayawar numfashi yadda ta likita ta rage ba, kuma a wajen kusan kashi ɗaya cikin uku ba ta ma zama a baki har safe. Yawancin waɗanda ta kasa yi wa aiki, ta likitan ta yi musu. Ma'ana in ka sayi ta araha ba ta yi ba, hakan bai nuna dabarar ba za ta yi maka ba. Haɗarin da ya fi wannan shi ne ta rage ƙarar minsharin, gida ya yi shiru, kowa ya ce an warke, alhali numfashin na nan yana tsayawa.

Wani zai ce ai roba ce, ga Sharada cike da injinan da ke zubo bokiti da kujeru da silifas dubbai a rana, me zai hana a riƙa bugawa? Amsa ita ce bokiti dubu da ƙira ɗaya ake yin su, baki kuwa kowa da nasa, kamar zanen yatsa. Aikin ya fi kusa da na masu haɗa haƙoran roba a ɗakin gwajin asibiti, irin waɗanda makarantar tarayya ta fasahar haƙori da ke Enugu ta daɗe tana yayewa. Ana ɗaukar shatin baki, a zuba shi a farar ƙasa ta gwaji, a gina robar a kai. Mu da muka saba da haƙorin Makka mun san ba sabon abu ba ne a auna haƙori a yi masa riga. A ƙasashen da suka yi nisa yanzu ko shatin ba a ɗauka, wata 'yar kyamara ake zagayawa da ita a baki, hoton ya shiga kwamfuta, a tura fayil ta intanet, injin ɗab'i na 3D ko na sassaƙa ya fitar da robar. Fayil ba ya buƙatar biza. Matasanmu masu zane a kwamfuta da masu sha'awar injin 3D, ga wani fage nan, amma sai tare da likitan haƙori, don ba kowace roba ake kwana da ita a baki ba.

ABIN DA MAI TALLA BA ZAI GAYA MAKA BA

Makonnin farko akwai dalalar miyau, ko bushewar baki, da tsamin haƙora da na muƙamuƙi da safe. Waɗannan kan wuce. Wanda ba ya wucewa shi ne motsin haƙora. Wani bincike a Vancouver da ya bi masu amfani da ita na kimanin shekara 11 ya ga cizonsu ya canza da wajen milimita 2, kuma canjin ci gaba yake yi muddin ana sawa. Shi ya sa ake ba da ɗan abin cizawa da safe don mayar da haɓa wurinta, ake kuma son ka riƙa komawa wajen likitan haƙori aƙalla sau ɗaya a shekara.

Sannan sai kana da haƙora masu ƙwari da yawa a sama da ƙasa, don su ne ginshiƙin. Mai ciwon dasashi, ko haƙora masu girgiɗi, ko ciwon gaɓar muƙamuƙi, sai an fara gyara wannan tukuna. Da ruwan sanyi da burushi ake wanke ta. Ruwan zafi na lanƙwasa ta, haka ma barin ta cikin mota a zafin watan Afrilu.

INDA WAYARKA ZA TA YI AMFANI

Waya ba ta gano cutar, amma tana kawo shaida. Ka buɗe manhajar naɗar murya, ka ajiye wayar kusa da kai tana caji, ka kwana. Ko ka roƙi wanda kuke ɗaki ɗaya ya ɗauki bidiyon minti 5 lokacin da barcinka ya yi nisa, ƙirji da fuska su fito. Da safe ka saurara. Ƙarar ba ita ce abin nema ba, shirun da ke tsakani da gurnanin da ke biyo baya za ka nema. A 2024 hukumar magunguna ta Amurka ta amince da tsarin gano alamun cutar a agogon Samsung, daga baya na Apple, sai dai ba a kowace ƙasa yake buɗewa ba, kuma gargaɗi kawai yake bayarwa.

Akwai kuma tambayoyi 8 da Frances Chung ta tsara a Toronto a 2008, ana kiransu STOP-Bang, kyauta suke a intanet. Suna tambayar minshari mai ƙarfi, gajiyar rana, ko wani ya taɓa ganin numfashinka ya tsaya, hawan jini, ƙiba, shekaru sama da 50, kaurin wuya sama da santimita 40, da kasancewa namiji. Mai “eh” 3 ko fiye ya kamata ya ga likita. Awon wuya kuwa ko telan unguwa zai yi maka.

Da wannan naɗin da wannan makin za ka je asibiti. A Kano, Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano yana da sashen kunne, hanci da maƙogwaro, yana da sashen haƙori. Ka nuna wa likita bidiyon, ka tambayi gwajin barci, don shi ne zai faɗi ko cutar ce da kuma ƙarfinta. Wani hancinsa ne a toshe, wani rage ƙiba da kwanciya ta gefe za su rage masa da yawa, wani kuma cutarsa ta kai sai CPAP ko da za a sayar da wani abu a haɗa sola. Maganin barci da giya na ƙara sakin maƙogwaro, mai wannan cuta ya nisance su. In kai mai aikin dare ne ka faɗa wa likita, saboda a yi gwajin a lokacin da kake barcinka na gaske, ko da rana ne. In kuma an yi maka robar an gama juya notin, ka nemi a sake gwajin tana bakinka, a ga lambar ta sauka daga nawa zuwa nawa.